Rigar ba ta yoyo, me ya sa ƙafar mai nutso ke ƙandarewa?

Me ya sa mutumin da ya sa rigar da ko ɗigon ruwa ba ya ratsa ta zai fito daga nutso yana ɗingishi, yatsun ƙafarsa sun mutu, yana taka ƙasa bai san ya taka ba? Tambayar takan taso idan hotunan bidiyon Silfra suka zagayo a intanet. Silfra wata tsaga ce cike da ruwa a gandun Thingvellir na ƙasar Aislan, wurin da faifan ƙasa na Arewacin Amurka da na Turai da Asiya ke rabuwa sannu a hankali. Ruwanta narkakkiyar ƙanƙarar Langjökull ce da ta tace ta cikin duwatsun aman wuta. Garau yake, har ana hango abin da ke nesa da mita 100, kuma duk shekara yana tsakanin digiri 2 zuwa 4 a ma'aunin Salshiyas. Mai kallo yana ganin mutane sun shiga, sun fito, sun zuge zif, tufafinsu na ciki a bushe, sai ya ɗauka an gama da maganar sanyi. Masu nutso a irin wannan ruwa sun san ba haka abin yake ba. Hannu da ƙafa ne ke fara kai ƙara, kuma sau da yawa su ke sa a katse nutso tun iskar tukunyar da suke shaƙa da sauranta.

Abin da rigar ke yi, da abin da ba ta yi

Rigunan nutso iri biyu ne. Ta farko jiƙaƙƙiyar riga ce, wadda ake yi da roba mai kumfa da ake kira niyofirin. Tana manne wa jiki, ruwa kaɗan yana shiga, ƙananan kumfar iskar da ke cikin robar ne ke rage gudun zafi. Ita ake sawa a ruwa mai ɗumi irin na Bahar Maliya. Ta biyu busasshiyar riga ce, a rufe take ruf. Wuya da wuyan hannu suna da bakin roba mai kama fata, zif ɗinta ba ya barin ruwa, ƙafafunta kuma a haɗe suke da safa ko takalmi. A ƙirji akwai bawul da ke haɗe da tukunyar iska, a danna shi iska ta shiga rigar. A damtsen hagu akwai wani mai fitar da ita.

Dalilin duk wannan ɗawainiya shi ne ruwa yana kwashe zafi kusan sau 25 fiye da iska, jikin mutum kuwa dole ya tsaya a wajen digiri 37. Ko ruwan da ba mu ɗauka mai sanyi ba yana cin mutum idan ya daɗe a ciki. Harrison Okene, kukun jirgin Jascon-4 da ya kife a tekun Nijeriya a watan Mayun 2013, ya yi kusan awa 60 a cikin ɗan sararin iska mita 30 ƙarƙashin ruwa, kuma cikin abubuwan da suka taimake shi har da ɗan dandamalin da ya haɗa ya ɗaga jikinsa daga ruwan.

To amma rigar ba ta da zafi nata. Filas ɗin shayi ce: abin da aka zuba mata shi take riƙewa. Wadda aka yi da yadi mai falle uku ma ba ta da kaurin a zo a gani, aikinta kawai ta raba mutum da ruwa. Tufafin da ke ƙarƙashinta su ne ke tare iska a kusa da fata, iskar nan mai zaman wuri ɗaya kuma ita ce katangar da ke tsakanin jiki da sanyi. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun zamanin rufaffiyar rigar da kamfanin Augustus Siebe ya riƙa ƙerawa a Landan a shekarun 1830, masu nutso da hular tagulla suna jibga suwaita da dogayen safa na ulu a ƙarƙashi.

Ruwa yana koro iska daga ƙafa zuwa kafaɗa

Duk mita 10 da mutum ya sauka, nauyin da ke danne shi yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sarari gaba ɗaya. Iska kuma tana matsuwa, kamar yadda Robert Boyle ya bayyana a 1662. A mita 10 girmanta ya koma rabi, a mita 30 ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa mai nutso ke ta danna bawul ɗin ƙirji yana sauka, don kada rigar ta shaƙe shi, tufafin ciki su lafe.

Matsalar ƙafa daga nan ta samo asali. Idan mutum yana tsaye a cikin ruwa, tafin ƙafarsa ya fi kafaɗarsa zurfi da kusan mita ɗaya da rabi. Wannan ɗan bambanci ya isa ya sa iskar rigar ta gudu sama ta taru a kafaɗa, daidai inda bawul ɗin fitarwa yake. Ƙasa kuwa ruwa ya matse rigar a ƙwauri da idon sawu, safa ta lafe ta zama kamar babu ita. Ana iya sayen safa mafi tsada a kasuwa, idan ruwa ya murƙushe ta, iskar da ake biyan kuɗi dominta ta riga ta fice. Sabon mai koyo, wanda har yanzu yake tafiya kai sama ƙafa ƙasa, shi ya fi shan wannan. Haka ma wanda ya daɗe yana shawagi a saman ruwa yana jiran kwale-kwale ya zo ɗaukarsa.

Jiki da kansa yake janye jini

Ƙafa ba ta samar da zafi mai yawa. Yatsu ƙashi ne da jijiya da fata, manyan tsokokin da ke motsa su suna can ƙwauri. Ɗumin da ƙafa ke ji aike ake yi mata, jini ne ke kawo shi daga cikin jiki. Da zarar jiki ya ji zafinsa na raguwa sai ya tsuke ƙananan hanyoyin jinin hannu da ƙafa, ya tattara jini wajen zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa. Hikima ce ta halitta, a rasa jin yatsa ya fi a rasa rai. Amma ma'anarta ga mai nutso ita ce sanyin ƙafa sau da yawa saƙo ne daga ƙirji. Wanda ya shiga ruwa da 'yar rigar ciki marar kauri da hular kai sako-sako, ya ƙara safa uku ma ba za ta yi masa komai ba, domin jinin da zai ɗumama ta ba ya zuwa.

Abubuwan da ke faruwa kafin a taɓa ruwa suna da hannu a nan. A Scapa Flow da ke tsibiran Orkney na Sikotilan, inda sojojin ruwan Jamus suka nutsar da jiragensu da hannunsu ranar 21 ga Yunin 1919, manyan jirage bakwai suna nan a ƙasa har yau, masu nutso kuma sukan yi sauka biyu a rana daga kan jirgin ruwa. Mutum ya tsaya a dandamalin jirgi iska tana kaɗa shi, kansa a buɗe, ya shiga ruwa da bashin zafi. Sauka ta biyu takan fi ta farko ciwo saboda jiki bai gama farfaɗowa ba. Yunwa tana ƙara abin. Sigari ma haka, tunda nikotin yana tsuke hanyoyin jini. Sannan akwai maganar fitsari: sanyi da matsin ruwa suna sa ƙoda ta yi aiki da yawa, sai wasu su ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su a cikin riga. Ƙarancin ruwa a jiki ba ya taimakon gudun jini. Maganin da masu dogon nutso suka samo shi ne bawul na fitsari a cinyar riga, ko ƙunzugun manya.

Tara safa, kuskuren da ya fi yawa

Ga mutumin da ƙafarsa ta yi sanyi jiya, abin da hankali ke fara ba shi yau shi ne ya ƙara safa. Idan takalmin rigar daidai ƙafarsa yake, wannan ƙari cutar da shi zai yi ta fuska biyu. Safa ta biyu tana danne ta farko ta kore iskar da ke cikinta, takalmin kuma ya ƙara tsuke ƙafar da jini dama da ƙyar yake isa gare ta. Ya fito ya fi jiya jin sanyi, ya ɗauka safar ce ba ta da kyau.

Gwajin mai sauƙi ne, kuma a tudu ake yin sa. A sa duk abin da za a shiga ruwa da shi, safa da riga da takalmi da filafilan ƙafa (faffaɗan robar da ake sawa a ƙafa don iyo), sannan a gwada motsa yatsu. Idan ba sa motsi sakayau, an yi kuskure. Saboda haka ne masu sayar da rigunan ke shawartar mutum ya ɗauki takalmi mai lamba ɗaya ko biyu sama da nasa na yau da kullum. Babban takalmi kuma yana jawo wani sayen, domin aljihun filafilan da aka saba sawa da jiƙaƙƙiyar riga ba zai ɗauke shi ba. Mutane da yawa a nan suke yin tsumulmula. Sun kashe kuɗi mai yawa a riga, sai su cusa sabon takalmi cikin tsohon filafili, aljihun ya matse bayan ƙafa, igiyar ta shaƙe agara. A ganina wannan ita ce arha mafi tsada a cikin kayan nutso.

Ƙafar rigar ma iri biyu ce, kuma masu nutso sun rabu a kanta. Wasu sun fi son takalmin da aka ɗinke da rigar: a zura ƙafa kawai, akwai sarari, babu igiya. Aibinsa shi ne idan ya yi yawa iska tana taruwa a ciki, ƙafa ta riƙa yawo. Wasu sun fi son rigar ta ƙare da safa mai laushi, a ɗora mata takalmin taka duwatsu mai igiya daga waje. Wannan ya fi riƙe idon sawu ga mai gangarowa kan duwatsu da tukunya a baya, kuma ana iya juya rigar a shanya cikinta. Aibinsa a hannun mai ɗaure igiya yake. Idan ya ja ta kamar zai hau dutse, ya murƙushe duk safar da ke ciki da hannunsa tun kafin ruwa ya yi nasa.

Game da yadi, auduga ba ta da wuri a cikin busasshiyar riga. Tana shan gumi ta riƙe, ta lafe a fata, ta zama hanyar da zafi ke bi ya fita. Abin da aka saba shi ne siririyar safa ta zaren roba ko ta ulu mai laushi a kan fata don ta janye gumi, sannan mai kauri guda ɗaya a kai. Ulu yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe. Akwai kuma safar da ake cusa wa Thinsulate, zaren da kamfanin 3M ya fitar a ƙarshen shekarun 1970, wanda masu nutso suka karɓa saboda ba ya saurin lafewa idan an danne shi.

Ƙafa a jiƙe ba lallai takalmi ne ya huje ba

Mai nutso ya cire riga ya ga safarsa sharkaf, sai ya fara zargin takalmi. Wani lokacin gaskiyarsa ne, domin tsakuwa ɗaya da ta maƙale tsakanin safar riga da takalmin waje tana iya huda ta. Amma ruwa gangare yake bi. Wanda ya shigo ta wuya lokacin da mutum ya ɗaga kai, ko ta wuyan hannu inda jijiyoyi ke buɗe 'yar hanya idan an damƙi abu da ƙarfi, a ƙafa zai taru da zarar an miƙe tsaye. Akwai kuma gumi. Mutum ya sa kayan sanyi, ya ɗauki tukunya da darmar da ke ƙara masa nauyi don ya nutse, ya yi tafiya zuwa bakin ruwa, ya yi gumi. Tururin nan yana haɗuwa da bangon riga mai sanyi ya koma ruwa. Kafin a kai riga gyara, ana toshe wuya da hannuwa, a hura ta, a shafa ruwan sabulu, inda kumfa ta tashi nan ne ramin. Safar sauka ta biyu kuma ta zama wata ce daban, busasshiya.

A bar iska ta je ƙafa, ko a hana ta?

Tunda iska ce ke riƙe ɗumi, me zai hana a tura ta ƙafa da yawa? Haɗari ne ke hanawa. Idan iska ta taru a takalmi, ƙafa tana tashi sama, mutum ya kife kai ƙasa. Bawul ɗin fitarwa yana damtse, yanzu ya koma ƙasa, ba zai fitar da komai ba. Mutum ya fara hawa, iskar tana ƙara kumbura, hawan yana ƙara sauri, takalmi ma yana iya kumbura ya tunkuɗe filafili. Hawan gaggawa irin wannan yana jawo ciwon kumfar jini, wato iskar naitirojin da ta narke a jiki ta tashi kumfa, ko kuma huhu ya yage idan mutum ya riƙe numfashi. Shi ya sa duk kwas ɗin busasshiyar riga, na PADI ne ko na BSAC (ƙungiyoyin koyar da nutso), ake koya wa ɗalibi yadda zai dunƙule ya wuntsila ya dawo da ƙafarsa ƙasa ya saki iska. Shi ya sa kuma ba a barin kowa ya yi nutso da tukunya a Silfra sai ya nuna shaidar ya iya sarrafa rigar.

Tsoron kifewa ya sa wasu ke ɗaura darma a idon sawu, ko su naɗe ƙwauri da maɗauri don iska kada ta wuce. Dabarar tana aiki, amma ɗumi ake biya da shi, ƙafa tana rataye a ƙasa a matse. Ɗaya ɓangaren, wanda masu nutson kogo suka yaɗa, yana cewa a kwanta a miƙe cikin ruwa, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa ya ɗan fi jiki tsayi, ta yadda iska kaɗan za ta zauna a takalmi. Ina tare da wannan ɓangare, da sharaɗin mutum ya koya a ruwa marar zurfi tare da malami. Darmar idon sawu tana da amfani ga mai koyo da kuma wanda filafilansa ba su da nauyi, amma bai kamata ta zama abin dogaro har abada ba.

Batir, agon, da ƙunshin da ke ƙona fata

Yanzu akwai riguna da safa masu waya a ciki da batir ke ɗumamawa. Masu dogon nutso sun fi son batirin ya zauna a gwangwaninsa a wajen riga, waya ta shiga ta wata kafa, domin idan abu ya lalace a iya cire shi nan take. Batirin litiyom da ya yi zafi a cikin rigar da ba a iya cirewa a ƙarƙashin ruwa bala'i ne. Kuma sau da yawa 'yar shara mai ɗumama ƙirji ta fi safar lantarki amfanar ƙafa, saboda dalilin jinin da aka ambata.

Lokacin kunnawa ma yana da magana. Sashen gwajin nutso na sojojin ruwan Amurka da ke Panama City a jihar Fulorida ya fitar da rahoto a 2007 kan saukar da aka yi zuwa kusan mita 37. Waɗanda suka ji ɗumi a ƙasa sannan suka ji sanyi a lokacin hawa sun fi kamuwa da ciwon kumfar jini nesa ba kusa ba, idan aka gwada da waɗanda suka yi akasin haka. Jiki mai ɗumi yana shan naitirojin da sauri, jiki mai sanyi yana sakin ta a hankali. Don haka wanda ya kunna batir tun farko har ya ƙare kafin hawa ya jefa kansa a yanayi mafi muni.

Wasu kuma suna hura rigarsu da wata iska da ake kira agon, wadda ba ta ɗaukar zafi kamar iskar sarari, ta gaza ta da kusan kashi ɗaya cikin uku. Masu zurfin nutso da ke shaƙar gaurayen iska mai hiliyom ba sa hura riga da ita, domin hiliyom yana kwashe zafi kusan sau shida fiye da iska, sai su rataya 'yar tukunya dabam ta agon ko ta iska zalla. Ga mai nutson shaƙatawa ribar ba ta taka kara ta karya ba. Wani gwaji da aka yi a Norwe aka buga a 2001 bai ga bambancin kirki tsakanin agon da iska ba.

Abin da ya kamata a guje wa ɗungurungum shi ne ƙunshin garin ƙarfe da ake sayarwa don ɗumama hannu da ƙafa a lokacin hunturu. Da oksijin yake aiki. A zurfi oksijin ɗin da ke cikin riga ya ninka, ya ma fi haka idan da iska mai ƙarin oksijin ake hura ta, sai ƙunshin ya yi zafin da ya wuce ƙima. Ƙafar da ta mutu da sanyi ba za ta ji ƙuna da wuri ba, kuma babu halin cire takalmi a mita 20.

Inda abin ya shafe mu

Ruwan gaɓar tekun Gini mai ɗumi ne, don haka a nan an fi neman busasshiyar riga don aiki a gurɓataccen ruwa. Amma 'ya'yanmu suna karatu da aiki a Birtaniya da Kanada da ƙasashen arewacin Turai, wasu suna shiga kulob na nutso, wasu suna neman takardar sana'ar. Akwai abin da ya kamata su sani. Ƙafa tana iya lalacewa ba tare da ta daskare ba, idan ta daɗe cikin sanyi da danshi. Ciwon da ya addabi sojoji a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya ke nan, ya kuma sake bayyana a yaƙin Falklands na 1982. Yana taɓa jijiyoyi, yana barin zugi da rashin jurar sanyi na watanni ko shekaru. Wani nazari kan sojojin Birtaniya da aka buga a 2009 ya nuna cewa sojoji 'yan asalin Afirka sun fi takwarorinsu fararen fata kamuwa da raunin sanyi kusan sau 30. Saboda haka idan abokan nutso Turawa suka ce su ba su ji komai ba, wannan ba ma'auni ba ne ga ɗan Kano ko Damagaram. Yatsa ya daina ji, a yi wa abokin tafiya alama a fara hawa bisa ƙa'ida. Mai ciwon sikila kuwa likitocin nutso ba sa ba shi izini, sanyi kansa yana tayar da ciwon.

Bayan fitowa, a cire safa mai danshi, a tsane ƙafa ba tare da murzawa ba, a sa busasshiya, a rufe jiki a sha abu mai ɗumi. Kada a kanga ƙafar da ba ta ji a hita ko a tsoma ta a ruwan zafi, fata tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba. Ƙungiyar DAN, mai ba masu nutso shawarar lafiya tun 1980, tana gargaɗi a jinkirta wanka da ruwan zafi bayan nutso, domin zafi na gaggawa yana iya tayar da kumfa a fatar da ke cike da naitirojin. Idan kuma mutuwar yatsu ko zugi bai tafi ba bayan jiki ya ɗumama, a nemi likitan da ya san harkar nutso a ranar, a gaya masa zurfin da aka kai da tsawon lokacin da aka yi, domin ciwon kumfar jini ma yakan fara da irin wannan alama.